Masu Gidajen Abinci A Zuru: Wayar Hannu Ta Isa Talla, In An San Abin Da Za A Rubuta

Matashin da aka turo Zuru yi wa ƙasa hidima, da zarar ya kammala makonni uku a sansanin Dakingari, kafin ya shiga mota sai ya ciro waya ya binciki garin. Yana son sanin nisan tafiya da inda zai kwana da inda zai ci abinci. Haka sabon ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru yake yi, haka ɗan kasuwar hatsi da ya taso daga Kontagora ta Rijau, haka ma'aikacin da ya biyo hanyar Koko da Mahuta zuwa Dabai. Labaran sarauta da siyasa da tsaro ba sa wuyar samu a intanet. Tambayar da waya ta fi shan wuyar amsawa ita ce mafi sauƙi: ina ake samun tuwon shinkafa mai zafi da ƙarfe 8 na dare, kuma nawa ne? Alhali a cikin garin akwai mata da maza da suka shafe shekaru suna amsa wannan tambaya da tukunyarsu.

Wannan giɓi asara ce ga masu sana'ar abinci, dama ce kuma ga matasan da ke yini riƙe da waya. Matsalar ita ce, yawancin shawarar da ake bai wa masu gidajen abinci kan talla a intanet da awon Legas da Abuja aka ɗinka ta: a tara mabiya, a yi bidiyon da zai tashi, a gayyato wani fitaccen ɗan TikTok ya ci ya yaba. Ga gari irin Zuru, wannan shawara daga wutsiya ta kama lamarin. Abin da mai gidan abinci ke buƙata tun farko shi ne rubutaccen bayani na gaskiya, wanda ake sabuntawa, ajiye a wurin da baƙo zai same shi ko da bai san lambar kowa a garin ba.

Su Wa Ake Yi Wa Tallan?

Zuru hedikwatar masarauta ce mai ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Mutanen Ribah da Mahuta da Dirin Daji da ƙauyukan kewaye suna shigowa saboda asibiti, ko banki, ko makaranta, ko cin kasuwa, kuma da yawansu sai sun ci wani abu kafin su koma. Akwai barikin soja. Akwai jami'ar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2020 a mazaunin tsohuwar kwalejin aikin gona, wadda kowace shekara take kawo sababbin fuskoki. Sannan ƙasar Zuru ta yi suna wajen bai wa Najeriya sojoji da sauran masu ɗamara, don haka 'ya'yanta sun bazu a ko'ina. Suna dawowa gida lokacin Sallah da Kirsimeti da bikin Uhola na Dakarkari, galibi tare da 'ya'yan da suka tashi a Kaduna ko Abuja ko Legas, waɗanda ba su san lungunan garin ba.

Idan aka duba da kyau, masu sayen abinci kashi biyu ne. Kashi na farko su ne tsofaffin kwastomomi: makanikin da ke ƙetare titi, direban tasha, malamin makarantar da ke kusa. Waɗannan ba sa buƙatar Facebook kafin su san miyar wa ta fi daɗi. Kashi na biyu su ne masu zuwa su tafi. Su ne ke da yunwa da kuɗi a aljihu da rashin sanin gari a lokaci guda. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, to ga baƙon yau mai shekara ashirin da 'yan kai, ɗan garin farko da yake tambaya wayarsa ce. Shagon da ba ya cikin wayar ya bar wannan ciniki ga duk wanda baƙon ya fara cin karo da shi a bakin tasha.

Akwai kuma wani rukuni da ke ƙaruwa: waɗanda ke cikin garin amma ba za su iya barin inda suke ba. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ɗalibar da ke shirin jarrabawa, uwargidan da baƙi suka sauka mata ba shiri. Manhajojin kai abinci irin su Chowdeck da Glovo hankalinsu na kan manyan birane, kuma ko a can ma harkar ba ta da sauƙi, domin Jumia Food da Bolt Food duk sun daina aikin kai abinci a Najeriya a ƙarshen 2023. A Zuru, lambar WhatsApp da amintaccen ɗan kabu-kabu guda ɗaya sun isa su yi wannan aikin, muddin mai saye ya san lambar.

Status Na Awa 24 Ne

Mai abinci da yawa za ta ce ai tana talla, domin kullum 'yarta tana ɗora hoton shinkafa a Status na WhatsApp. Abu ne mai kyau, amma yana da iyaka guda biyu da ya kamata a sani. Na farko, duk abin da aka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24. Na biyu, wanda zai gan shi sai wanda ya ajiye lambar mai shagon, ita ma ta ajiye tasa. Ke nan Status yana magana ne da mutanen da tuni suka san shagon. Baƙon da ya sauka yau ba ya cikinsu.

Wurin da baƙo ke dubawa shi ne taswirar Google. Sanya shago a kanta kyauta ne. Kowa na iya ƙara wurin da babu shi a taswirar daga wayarsa, mai shago kuma na iya buɗe shafin kasuwancinsa a Google, ya tabbatar da cewa nasa ne, ya rubuta suna da lambar waya da lokacin buɗewa da rufewa, ya ɗora hoton ƙofar shagon da na abinci. Hoton ƙofa ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a garin da kwatance yake tafiya da "bayan masallaci" ko "daura da coci" ko "kusa da gidan mai", ganin launin ƙofa shi ne ke raba baƙo da yawo. Wannan aikin yini guda ne, kuma yana nan yana aiki ko mai shago na barci.

Na biyu shi ne shafin Facebook na kasuwanci, daban da asusun mutum na kansa. Asusun mutum yana tsayawa a abokai 5,000, kuma yana cakuɗe da hotunan biki da gardamar siyasa. Shafin kasuwanci kuwa kowa na iya ganinsa, mutum fiye da ɗaya na iya kula da shi, kuma abin da aka rubuta bara yana nan ga mai nema. Na uku shi ne manhajar WhatsApp Business, ita ma kyauta. Tana da wurin jera kaya da hoto da farashi, da saƙon da ke amsa wa mai tambaya da kansa idan an tashi, da wurin rubuta adireshi da lokutan aiki. Idan aka haɗa ukun, taswira ta kawo baƙo ƙofa, shafi ya nuna masa abin da ake dafawa, WhatsApp kuma ya karɓi odarsa. Status sai ya zama ƙari a kan waɗannan.

Me Za A Rubuta?

Nan ne mafi yawan shafuka ke mutuwa. A buɗe shafi da ɗoki, a ɗora hotuna goma rana ɗaya, sannan a yi shiru wata huɗu. Shafin da rubutunsa na ƙarshe ya tsufa yana gaya wa baƙo cewa wataƙila an rufe shagon, wanda hakan ya fi rashin shafin muni.

Rubutun yau da kullum ba ya buƙatar fasaha. Layi uku ko huɗu sun isa, misali: "Yau Talata akwai tuwon shinkafa da miyar taushe, da shinkafa da wake da mai da yaji, daga ƙarfe 12 na rana. Farfesun kayan ciki sai bayan Magariba. Ana kai wa cikin gari, kuɗin kabu-kabu daban." A ƙara farashi da lambar waya. Idan abu ya ƙare, a rubuta cewa ya ƙare. Mutumin da ya hau babur ya zo ya tarar babu abin da aka tallata ba zai sake yarda da shafin ba, amma wanda ya ga "masa ta ƙare, sai gobe da safe" ya fahimci cewa masar tana da masu rububi.

Dole kuma a rubuta da kalmomi, kada a tsaya a hoto kaɗai. Mai bincike kalmomi yake rubutawa, kuma kalmomi ne manhajar bincike ta fi iya kamawa. Hoton dambun shinkafa da aka ɗora da alamar wuta guda uku ba tare da ko kalma ɗaya ba, da wuya ya fito wa wanda ya rubuta "dambu a Zuru". Sunan abincin da sunan garin da sunan unguwa su fito a rubuce. Tun da masu yi wa ƙasa hidima da sojoji da ɗalibai da yawa daga kudu suke, layi ɗaya na Turanci mai sauƙi a ƙarƙashin Hausar yana buɗe wata ƙofar ciniki. Wanda ya iya C'lela, harshen Lelna, ya sa sunan abincin gargajiya da harshen, domin ɗan Zuru da ke barikin Maiduguri ko Fatakwal wannan kalmar ce za ta tsayar da yatsansa. Ga kwastomomin da karatu ke ba su wuya, saƙon murya na daƙiƙa ashirin yana yin aikin da rubutu ya yi.

Bayan na kullum, sau ɗaya a mako ana iya yin rubutu mai ɗan tsawo a kan abu guda. Jihar Kebbi gidan shinkafa ce, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. Mai abincin da ke dafa shinkafar gida tana da labarin da za ta bayar: daga wace kasuwa take saye, yaya take tsince tsakuwa, me ya sa tuwonta ke kwana bai saki ba. Mai farfesun kifi na iya faɗin ko kifinsa na Yawuri ne ko na tafkin kiwo, da yadda ake bambance su. Mai tuwon dawa na iya bayanin bambancin sabuwar dawa da tsohuwa a baki, da dalilin da daddawar wani wuri ta fi ta wani ƙamshi. Masu kallon shirin Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 sun nuna cewa mutanen Arewa na son jin yadda ake girki da harshensu. Irin wannan rubutu ba ya tsufa, kuma shi ne ke sa mai karatu ya ji kamar ya san mai tukunyar tun kafin ya zauna a bencinta.

Masu Kallo Daban, Masu Saye Daban

A watan Mayun 2023, Hilda Baci ta yi girki a Legas na tsawon awa 93 da minti 11, kundin bajinta na Guinness ya amince da shi, sunanta ya zagaye duniya. Tun daga lokacin matasa da yawa suka ɗauka cewa tallan abinci shi ne a yi abin da zai girgiza intanet. Amma ita tana sana'arta ne a birnin da ke da miliyoyin mutane, inda ko kaso kaɗan na masu kallo suka zo, layi zai yi tsawo, kuma tana da kamfanonin da ke biyan ta don ta tallata kayansu.

Lissafin Zuru daban ne. TikTok na nuna bidiyo ga duk wanda manhajar ta ga zai so shi, ko yana Kano, ko Yamai, ko Jidda. Bidiyon mai tsire na iya samun masu kallo dubu hamsin ba tare da ya sayar da tsinke ɗaya ƙari ba, saboda masu kallon ba su da hanyar zuwa. Mutum ɗari biyu da ke zaune tsakanin Zuru da Dabai, waɗanda ke duba shafin kafin azahar, sun fi wa tukunya amfani. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne littafin ciniki: faranti nawa aka sayar a wannan mako idan aka kwatanta da na jiya, oda nawa ta shigo ta waya, sabuwar fuska nawa ta ce a waya ta ga shagon. Tambayar "a ina kika ji labarinmu?" kyauta ce, kuma ta fi duk wata ƙididdigar manhaja faɗin gaskiya.

Wannan ba hani ba ne ga bidiyo. Gajeren bidiyon masa tana soyuwa a tanda, ko na balangu ana yankawa, yana jan rai fiye da kowane rubutu. Sharaɗin shi ne a ambaci Zuru da unguwa a cikin daƙiƙun farko, a rubuta su a jiki. Wanda kuma zai biya Facebook kuɗin talla, ya taƙaita tallan ga garin da kewayensa, kada ya biya don a nuna wa mutanen Inugu tuwon da ba za su ci ba.

Hoton Aro Da Yabon Saye

Jarabar da ta fi kama sababbin shafuka ita ce ɗauko hoton abinci mai ƙyalli daga intanet, ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana shi. A babban birni ana iya yaudarar sabon mutum kullum. A Zuru kowa ya san kowa, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Ranar da kwastoma ya ɗora hoton abin da aka tallata kusa da hoton abin da aka zuba masa, dariyar za ta zagaye rukunonin WhatsApp na garin kafin la'asar. Hoton gaskiya ba ya buƙatar babbar waya: a goge gilashin kyamara, a fito da farantin inda hasken rana yake, a kawar da bokiti da tsumma daga baya, a ɗauki daidai yawan abin da ake zuba wa mai saye.

Haka batun farashi. Wasu na ƙin rubuta shi saboda kaya na tashi kullum, kuma suna da hujja. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin sufuri da na kayan miya sun yi sama, har hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Amma wannan dalili ne na rubuta farashin tare da kwanan wata. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mako ba zai shiga inda bai san nawa za a ce masa ba, don gudun jin kunya a gaban mutane. "A tuntuɓe mu don jin farashi" yana korar irin wannan kwastoma tun daga nesa.

Game da gayyato masu mabiya su ci kyauta su yaba, a tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masu kallo sun san haka. Idan an biya mutum ko an ciyar da shi, ya faɗa. Google ma ya haramta sayen yabo da tsokacin bogi a taswirarsa, yana kuma goge su idan ya gano. Abin da ke da tasiri shi ne roƙon kwastoma na gaske, bayan ya ƙoshi, ya rubuta layi biyu a kan abin da ya ci.

Ranar Da Aka Yi Ƙorafi

Duk wanda ya buɗe shafi ya buɗe ƙofar suka. Wata rana wani zai rubuta cewa gishiri ya yi yawa, ko an daɗe ba a kawo masa oda ba. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya yi mata zaƙi da yawa, maganar ta kai ga 'yan sanda suka kama ta, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko me mutum zai ce kan shari'ar, abin da kowa ya gani shi ne tsokacin da zai iya wucewa cikin kwana biyu ya zama labarin duniya, har mutane suka riƙa kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin.

Ƙaramin gidan abinci ba zai iya ɗaukar irin wannan ba. Amsa mai ladabi a bainar jama'a, "Yi haƙuri Yallaɓai, ranar an samu matsalar gas, a dawo gobe a gwada", mutum ɗari ne za su karanta ta, kuma ita za su tuna fiye da ƙorafin. Zagi da goge tsokaci da turo 'yan uwa su far wa mai ƙorafi duk suna tabbatar wa masu kallo cewa ya yi gaskiya. Idan kuma ƙorafin na tsabta ne, gyaran a kicin yake. Bidiyon da ke nuna ruwan da ake amfani da shi da wurin wanke kwanuka da abinci a rufe yana da daraja musamman da damina, lokacin da tsoron amai da gudawa ke hana mutane cin abincin waje.

Masu Cewa Ba Su So

Akwai masu sana'ar da ke gudun wannan harka baki ɗaya, kuma bai kamata a ɗauke su marasa wayewa ba. Hujjarsu ta farko tsada ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Gaskiya ne data ta yi tsada, amma rubutu da hoto ɗaya a rana ba su ne ke cinye ta ba, kallon bidiyo ne. A ɗauka, don misali kawai, ribar faranti naira 300 ce, datar aikin shago kuma naira 3,000 a wata. Ƙarin faranti goma a wata ya biya kuɗin. Shagon da ya yi wata uku bai samu wannan ƙarin ba yana da ikon ya daina.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsaro. Masarautar Zuru ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman yankunan Danko-Wasagu da Sakaba da ke iyaka da Zamfara da Neja. Mai shagon da ke tsoron nuna kansa a intanet yana da dalili. Mafita ita ce a tallata abinci, a bar mutane da dukiya. Kada a nuna kuɗin ciniki, ko gidan mai shago, ko 'ya'yansa, ko lokacin da yake tashi ya tafi gida. Kada a ɗauki fuskar kwastoma sai da izininsa. Kada ko kusa a ɗora hoton sojoji ko 'yan sanda suna cin abinci, ko a rubuta cewa wani babba yana shagon yanzu. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, hankali ya isa ya hana mutum sanar da duniya inda wani yake zaune.

Hujja ta uku ita ce rashin tabbas na sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga, a ranar 4 ga Oktoban shekarar kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Darasin shi ne kada ciniki ya rataya a kan manhaja ɗaya. Allo mai suna da lambar waya a ƙofar shago, da littafin da aka rubuta lambobin manyan kwastomomi, suna nan da amfaninsu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya koyar da ɗaya gefen darasin: masu abincin da ke karɓar kuɗi ta waya ko na'urar POS sun ci gaba da ciniki lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace. Sai dai a riƙa duba shigar kuɗi a cikin manhajar banki, domin alat na bogi ya cinye wa masu abinci da yawa jari.

Aikin Da Ke Jiran Matasa

Yawancin masu riƙe da ludayi a Zuru iyaye ne da hannunsu ke cikin aiki tun asuba. Ba su da lokacin rubutu, wasu kuma ba su saba da manhajojin ba. Matashin da ya iya ɗaukar hoto mai kyau da rubuta Hausa mai tsabta na iya kula da shaguna uku ko huɗu: ya zagaya da hantsi, ya tambayi abin da aka dafa, ya ɗora, ya amsa saƙonni, a biya shi a ƙarshen mako ko wata. Sana'a ce da ba ta buƙatar jarin da ya wuce wayar da tuni take hannunsa.

Amma a yi ta da amana, a kuma yi magana tun farko. Shafin mallakar mai shago ne. A buɗe shi da lambarta, a sa ta cikin masu iko da shi, ta san lambar sirri ko ta ajiye ta a rubuce. Ɗalibi zai gama karatu, mai yi wa ƙasa hidima zai tafi bayan shekara guda, kuma shafin da ya tafi da mabuɗinsa ya mutu ke nan tare da duk wahalar da aka sha. A kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook, a gaya wa Mama ko Hajiya ƙarara cewa duk wanda ya kira ya nemi lambobi shida da aka turo mata ta saƙo ɓarawo ne, ko da ya ce daga kamfani yake. Kuɗin oda kuma ya shiga asusun mai shago kai tsaye, kada ya bi ta hannun mai kula da shafi, don kada zumunci ya ɓaci a kan naira dubu biyu.

Ko wanda ba ya neman wannan aikin yana da abin yi. Duk matashin da ke da wurin cin abincin da yake ji da shi, a Zuru ko Ribah ko Mahuta, na iya neman izinin mai wurin, ya sanya shi a taswira, ya ɗora hoton ƙofa, ya rubuta gaskiyar abin da ya ci da abin da ya biya. Minti goma ne. Idan matasa hamsin suka yi haka kafin Uhola mai zuwa, masu dawowa gida da baƙinsu za su tarar da jerin wuraren masa da tsire da tuwon dawa a cikin wayoyinsu, kuma kuɗin da za su kashe a kwanakin bikin zai shiga hannun matan da suka tashi tun asuba suka hura wuta.